SABUNTA BABBAR MANHAJAR KWAMFUTA DA MATSALAR ƁACEWAR FAIFAN AJIYA

Gabatarwa

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye tallafinsa daga babbar manhajar nan ta kwamfuta mai suna Windows 10, wadda ya fitar tun ranar 29 ga Yuli, 2015. Abin da wannan ke nufi shi ne, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, duk kwamfutar da ta ci gaba da aiki da ita ba ta ƙara samun gyare-gyaren da ke toshe kafofin ɓarayin bayanai. Saboda haka ma'aikatun gwamnati da jami'o'i da ɗaiɗaikun mutane a ƙasashe da dama suka kama hanyar ƙaura zuwa ga magajiyarta, watau Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021. Ƙaura kuwa, ko ta gida ce ko ta ofis, da wuya a gama ta ba tare da wani kaya ya yi ɓatan-dabo a hanya ba.

Daga cikin matsalolin da kan biyo bayan irin wannan ƙaura, babu mai tayar da hankali kamar kwamfuta ta daina ganin faifanta na ajiya. Wani lokaci ana tsakiyar ɗora sabuwar manhajar, a iso shafin da ake zaɓen inda za a sauke ta, sai a tarar da shi wayam, babu faifai ko ɗaya. Wani lokaci sai an gama, an sake kunna na'urar, sa'an nan fuskarta ta yi shuɗi ta ƙi tashi. Wani lokaci kuma ta tashi lafiya lau, amma faifai na biyu, inda aka tara aikin shekaru, ya ɓace daga jeri. A cikin wannan faifai kuwa mai yiwuwa akwai takardun albashin ma'aikata, ko sunayen masu jiran fansho, ko kundin binciken ɗalibin da saura masa makonni kaɗan ya miƙa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne ta nuna cewa a galibin lokuta faifan yana nan daram, bayanan da ke cikinsa kuma babu abin da ya same su; abin da ya yanke ita ce hanyar da manhaja ke bi ta isa gare shi. Asara ta haƙiƙa takan auku ne daga baya, a hannun mai gyaran da ya yi garaje. Wanda ya san matakan da kwamfuta ke bi ta gano faifanta, ya kuma bi su ɗaya bayan ɗaya, ba zai rasa inda igiya ta tsinke ba.

1. Abin da Sabuntawa ke Taɓawa

Babbar manhaja ita ce shugabar dukkan manhajojin da ke cikin kwamfuta. Ita ke raba aiki tsakanin sassan na'ura, ita ke buɗe fayil, ita ke mayar da shi ma'ajinsa. Ana iya kwatanta ta da babban sakataren ma'aikata, faifan ajiya kuwa shi ne ɗakin rajista inda ake jibge fayiloli. In an canja babban sakatare, fayiloli ba su motsawa daga kantocinsu. Amma sabon da ya zo ba zai kai gare su ba sai sharuɗɗa huɗu sun cika: ɗakin yana nan, ƙofarsa kuma tana buɗuwa, akwai masinjan da ke jin harshen akawun ɗakin, littafin da ke nuna inda kowane kabad yake yana karantuwa, sa'an nan an san sunan kabad ɗin da ake nema, an kuma riƙe makullinsa.

Babbar sabuntawa ta sha bamban da ƙananan gyare-gyaren da ke zuwa wata-wata. Ita takan kwashe tsohuwar manhaja ɗungum ta zuba a cikin wata jaka mai suna Windows.old, ta sake tantance ƙananan manhajojin da ke magana da sassan na'ura, ta sake rubuta fayilolin tashi, sa'an nan ta kashe kwamfutar ta kunna sau da dama. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ana iya taka ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan huɗu, waɗanda a harshen masana su ne:

(a) jikin na'ura da manhajar tushe;
(b) direban faifai;
(c) jadawalin rabon faifai;
(d) sunan ɓangare da makullinsa.

Ƙa'idar bincike biyu ce. Ta farko, a faro daga ƙasa a yi sama, kada a tsallake mataki. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, kada a yarda a rubuta kome a kan faifan, ko a amsa wata tambayar da ke neman a goge shi ko a sake tsara shi, sai an tabbatar da musabbabin cutar.

2. Mataki na Farko: Jikin Na'ura da Manhajar Tushe

Kafin babbar manhaja ta farka, akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin uwar allon kwamfuta, wadda ita ke fara tashi ta ƙidaya sassan na'ura. Tsohuwar samfurinta ita ce BIOS, wadda ta zo da kwamfutar IBM ta 1981. Sabuwar kuwa ita ce UEFI. Ana shiga shafinta ne ta hanyar danna wani maɓalli daidai lokacin kunnawa, galibi F2 ko F10 ko Del ko Esc, gwargwadon kamfanin da ya ƙera na'urar.

Tambayar farko ke nan: shin sunan faifan da girmansa sun bayyana a wannan shafi? In sun bayyana, to hankali ya kwanta rabi, domin faifan yana da rai, wayoyinsa kuma a haɗe suke. Matsalar tana mataki na gaba. In ba su bayyana ba, to babu amfanin zargin Windows, tun da ba a ma kai gare ta ba. Sai a kashe na'urar, a zare ta daga wuta, a duba haɗin. Faifai irin na SATA a kwamfutar tebur wayoyi biyu gare shi, ta bayanai da ta wuta, ko wacce ta yi sako-sako faifan zai ɓace. Ƙaramin faifan nan siriri da ake sokawa a ramin M.2 kuwa iri biyu ne, akwai mai magana da ƙa'idar SATA, akwai mai magana da ƙa'idar NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Har ila yau, a wasu allunan, da zarar an soka faifai a ramin M.2 sai wata kafar SATA ta mutu, domin hanya ɗaya suke rabawa. Littafin da ya zo da allon shi ke fayyace wannan.

Akwai kuma faifan da ajalinsa ya zo daidai da ranar ƙaura. Sabuntawa aiki ne mai nauyi, ana rubuta gigabayit masu yawa cikin ɗan lokaci, don haka tsohon faifan da ke lallaɓawa da ƙaramin aikin yau da kullum yana iya kasawa a nan. Alamarsa a faifai mai juyawa ita ce ƙara mai maimaituwa kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. In an ji wannan, wajibi ne a kashe nan take, domin kowane sake kunnawa ƙara ɓarna yake yi. Irin wannan aikin ƙwararrun masu ceto bayanai ne.

3. Mataki na Biyu: Direban Faifai

A nan ne mafi yawan rikici ke kwana, saboda haka ya kamata a tsaya a kansa. Babbar manhaja ba ta magana da faifai kai tsaye. Tsakaninsu akwai wata 'yar na'ura da ake kira kwanturola, wadda ke kai da komo da bayanai. Kowace irin kwanturola da harshenta, kuma ƙaramar manhajar da ke yi wa babba tafinta ita ake kira direba. In babu direban da ya dace, to ko da faifan sabo ne fil, babbar manhaja za ta ce ba ta ga kome ba.

Tarihi ya nuna cewa wannan matsala takan dawo duk sa'ad da masu ƙera na'ura suka riga masu rubuta manhaja. An fitar da Windows XP a watan Oktoba na 2001. Ƙa'idar SATA ta bazu daga 2003, kamfanin Intel kuma ya fitar da ƙa'idar kwanturola mai suna AHCI a 2004. Tun da faifan ɗora XP ya girme su duka, bai san harshensu ba. Mai ɗorawa tilas ya danna F6 a farkon aikin, ya miƙa direban a kan faifan fulofi, alhali kuwa kwamfutoci da yawa na lokacin sun riga sun daina zuwa da ramin fulofi. Sai da Windows Vista ta fito a 2007 aka sami direban AHCI a ciki, aka kuma yarda a kawo wasu direbobin a kan filash. Ba a daɗe ba tarihi ya maimaita kansa: an fitar da ƙa'idar NVMe a 2011, bayan Windows 7 ta 2009, don haka faifan ɗora Windows 7 bai gane irin waɗannan faya-fayai ba. Windows 8.1 ta 2013 ce ta fara zuwa da direbansu.

Misali mafi kusa ya faro ne a 2020, sa'ad da Intel ya fitar da masarrafansa zubi na 11. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa masu ɗauke da su sun zo da wani tsari mai suna VMD a kunne, wanda ke ɓoye faifan NVMe a bayan wata kwanturola ta dabam. Wanda ya haɗa filashin ɗora Windows daga intanet, ya zo shafin zaɓen faifai, sai ya tarar babu kome. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa faifan ya mutu, har su sayi wani, shi ma ya ƙi fitowa. Maganin kuwa ɗan kaɗan ne. A je shafin intanet na kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a sauko da direban Intel Rapid Storage Technology na wannan samfuri, a warware shi, a zuba a filash, sa'an nan a danna umarnin Load driver da ke shafin zaɓen faifai, a nuna masa inda yake. Nan take faifan zai fito da ɓangarorinsa cif-cif. Hanya ta biyu ita ce a kashe VMD a manhajar tushe, amma wannan sai in za a fara sabon zama ne, babu wata Windows a kan faifan da ta dogara da shi, kuma ba a haɗa faya-fayai biyu suna aiki a matsayin ɗaya ba.

Ɗaya fuskar wannan matsala ita ce shuɗin allo mai ɗauke da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, wanda lambarsa ita ce 0x7B. Ma'anarsa ita ce Windows ta fara tashi, ta zo ɗaukar sauran jikinta daga faifai, sai ta tarar ba ta da direban kwanturolar. Dalili shi ne, manhajar tushe tana iya gabatar da kwanturola ɗaya da fuskoki dabam-dabam, watau IDE, ko AHCI, ko RAID, Windows kuwa a lokacin tashi takan ɗauki direban fuskar da ta saba da ita ne kawai. In aka canja fuskar, ta ɓata. Canjin yana iya zuwa daga hannun mutumin da ya shiga manhajar tushe don ya kunna wani abin da Windows 11 ke bukata, ya taɓa abin da bai sani ba. Yana iya zuwa bayan an sabunta manhajar tushen kanta, ta koma kan tsarinta na asali. A tsofaffin kwamfutoci kuma yana iya zuwa saboda ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe wa uwar allo tsare-tsarenta, ya ƙare. Alamar haka ita ce agogon kwamfutar ya riƙa komawa wata tsohuwar shekara.

Magani na farko shi ne a mayar da fuskar yadda take a da. In kuwa lalle ana son canjin, to akwai hanya: a umarci Windows ta tashi cikin yanayin kariya, wanda ake kira Safe Mode, a canja fuskar a manhajar tushe, a bar ta ta tashi a wannan yanayi sau ɗaya don ta gane sabuwar kwanturolar ta ɗauki direbanta, sa'an nan a mayar da ita tashi na yau da kullum.

Daɗin daɗawa, shi kansa faifan yana da 'yar manhajarsa ta ciki. A watan Oktoba na 2024, bayan fitowar zubin Windows 11 mai lamba 24H2, masu amfani da wasu faya-fayan kamfanin Western Digital, irin su SN770 da SN580, sun yi ta fama da shuɗin allo. Waɗannan faya-fayai ba su da ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kansu, aro suke yi daga ta kwamfuta, sabon zubin kuwa ya canja yadda ake ba da aron. Kamfanin ne ya fitar da gyaran manhajar cikin faifan, matsalar ta kau. Darasin shi ne a leƙa shafin maƙerin faifai kafin ƙaura.

4. Mataki na Uku: Jadawalin Rabon Faifai

In manhajar tushe ta ga faifai, direba kuma ya samu, sai a zo kan littafin rajista. Akan raba faifai ɓangare-ɓangare, kuma a farkonsa akwai jadawalin da ke nuna inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare. Irin wannan jadawali biyu ne.

Na farko shi ne MBR, wanda ya zo da manhajar PC DOS 2.0 a 1983. Gaba ɗayansa bayit 512 ne: 446 na umarnin tashi, 64 na jadawalin, 2 na hatimi. Tun da kowane ɓangare yana cin bayit 16, manyan ɓangarori huɗu kaɗai yake iya ɗauka. Haka kuma iyakar gidajen da yake iya ƙirgawa 4,294,967,296 ne, in aka ninka su da bayit 512 sai a sami kimanin terabayit 2.2. Faifan da ya fi haka, ragowarsa ba ta moruwa a ƙarƙashin MBR. Wannan shi ya sa mutum kan sayi faifai mai terabayit 4 ya ga rabi kawai ake iya amfani da shi. Na biyu shi ne GPT, wanda ya zo tare da UEFI. A Windows yana ɗaukar ɓangarori har 128, yana kuma ajiye kwafin jadawalinsa a ƙarshen faifai, domin in na farko ya lalace a koma ga na biyu.

Abin lura shi ne kowace ƙwarya da abokiyar burminta: Windows da aka ɗora bisa tsarin BIOS daga faifan MBR take tashi, wadda aka ɗora bisa tsarin UEFI kuwa daga faifan GPT. Windows 11 ba ta yarda da tsohon tsarin ba, sai UEFI. Don haka ma'aikacin da ke neman cika sharuɗɗanta yakan shiga manhajar tushe ya kashe tsohon tsarin tashi, wanda ake rubutawa Legacy ko CSM. Da ya sake kunnawa sai kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Faifan bai je ko'ina ba. An dai canja akawu ne aka bar tsohon littafi. Gyaran shi ne a mayar da tsohon tsarin, a bar Windows 10 ta tashi, sa'an nan a yi amfani da manhajar mbr2gpt, wadda Microsoft ya saka a cikin Windows 10 tun 2017. Ita tana juya jadawalin daga MBR zuwa GPT ba tare da goge bayanai ba, muddin manyan ɓangarorin faifan ba su wuce uku ba, kuma ba a yi ƙananan ɓangarori a cikin babba ba. Akan fara da umarnin /validate don a ji ko faifan ya cancanta, sa'an nan /convert. Bayan ta gama ne ake komawa a kunna UEFI. Manhajar ba ta da hanyar komawa baya, don haka ba a yin wannan aiki sai da kwafin ajiya a hannu.

A nan ne kuma tarko mafi muni yake. Sa'ad da shafin ɗorawa ya ce ba zai iya sauke Windows a wannan faifai ba saboda jadawalinsa MBR ne, shawarar da ta fi yawo ita ce a danna Shift da F10, a buɗe diskpart, a rubuta clean. Gaskiya ne bayan haka ɗorawa za ta wuce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne umarnin clean yana share jadawalin faifan gaba ɗaya, ba ɓangaren Windows kaɗai ba, har da ɓangaren da mutum ya keɓe don takardunsa. Ba ya kuma tambayar ko an tabbata. Wanda wannan ya faɗa wa, ya tsaya cik, kada ya ɗora kome. Littafin rajista ne aka yaga, fayilolin suna nan a kantoci har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma manhajar kyauta irin TestDisk tana iya laluben iyakokin ɓangarorin ta sake gina jadawalin. In kuwa aka ci gaba da ɗorawa, to kowane minti wani abu ake binnewa. Sauri ya haifi nawa.

Kada kuma a raina ƙananan ɓangarorin nan da ba su da suna, waɗanda Windows ke ɓoye fayilolin tashi da na ceto a cikinsu. Wanda Windows 7 ke yi megabayit 100 ne kawai, kuma cikarsa ta hana kwamfutoci da dama hawa Windows 10. A watan Janairu na 2024 ma wani gyara mai lamba KB5034441 ya yi ta faɗuwa da lambar kuskure 0x80070643 a kwamfutocin da ɓangarensu na ceto ba shi da sararin megabayit 250. Mai neman fili a faifai kada ya goge su don ya ga ba su da suna.

5. Mataki na Huɗu: Suna da Makulli

Saura faifan da kome nasa lafiya, amma bai fito a jerin da aka saba gani ba. Windows tana kiran ɓangarori da haruffa. A da B na fulofi ne tun asali, shi ya sa babban faifai ya zama C. Bayan sabuntawa wani ɓangare kan rasa harafinsa. In aka buɗe shafin Disk Management za a gan shi da girmansa da lafiyarsa, abin da ya rage kawai a ba shi harafi. Wani lokaci kuma a tarar an dakatar da faifan, domin kwafin wani ne aka yi shi, lambar shaidarsu ta zo ɗaya, Windows ta ajiye guda a gefe.

In saƙo ya fito yana cewa sai an yi wa faifai fomatin kafin a yi amfani da shi, amsar ita ce a'a. Windows takan faɗi haka ga duk tsarin fayilolin da ba ta iya karantawa, ko dai nata ne ya sami rauni, ko kuwa na wasu ne, kamar ext4 na Linux ko APFS na kamfanin Apple. Rashin iya karatu ba hujja ba ce ta cewa takarda fara ce.

Ita ma Linux ta ɗanɗana rikicin suna. A da faifan farko irin na IDE sunansa hda ne. Da aka koma wa sababbin direbobi, kamar yadda Fedora 7 ta yi a 2007, sai ya zama sda. Kwamfutocin da fayil ɗinsu na fstab, watau jerin ɓangarorin da za a ɗauka lokacin tashi, ke kiran tsohon suna, sai suka tsaya a hanya. Tun daga nan aka fi dogara da lambar UUID, wadda ke manne da ɓangaren kansa, ba ta canjawa ko an sauya waya ko direba.

Na ƙarshe shi ne makulli. Tsarin BitLocker yana rikita bayanan faifai yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba, yana kuma danƙa makullin ga wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM. In aka taɓa manhajar tushe, TPM na iya ɗauka cewa an sace faifan ne, ta riƙe makullin, sai kwamfuta ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da wannan kulle a kunne ba tare da mai su ya lura ba. Lambar takan kasance a asusun Microsoft na wanda ya fara shiga na'urar, ko wurin sashen kwamfuta na ma'aikata. In ta ɓata, babu mai gyaran da zai iya buɗe faifan. A wannan mataki kaɗai ne faifai lafiyayye ke zama kamar babu.

6. Shiri Kafin Ƙaura

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da ya wajaba a kammala kafin a taɓa kome:

(a) A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai dabam, a buɗe wasu daga ciki don a tabbata sun kwafu, sa'an nan a zare faifan. A watan Oktoba na 2018 Microsoft da kansa ya janye zubin Windows 10 mai lamba 1809 kwanaki kaɗan bayan fitarsa, saboda ya goge takardun wasu mutane, bai sake sakinsa ba sai a Nuwamba.

(b) A auna kwamfutar da manhajar PC Health Check. Windows 11 tana bukatar ƙwaƙwalwa gigabayit 4, da faifai gigabayit 64, da TPM 2.0, da masarrafa wadda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 take farawa. Wannan ya shafi masu sayen kwamfutocin gwanjo a Nijeriya da Nijar ƙwarai, domin da yawa daga cikinsu sun girmi wannan iyaka.

(c) A nemo lambar ceto ta BitLocker a rubuta a takarda, a kuma dakatar da kullen kafin a shiga manhajar tushe.

(d) A ɗauki hoton kowane shafi na manhajar tushe kafin a canja kome, a riƙa canja abu ɗaya a lokaci ɗaya.

(e) A tanadi direban faifai da filashin ceto tun kwamfutar tana da lafiya.

(f) A zare duk faifan da ba shi ake ɗora wa manhaja ba, don kada a zaɓe shi bisa kuskure.

(g) A tabbatar da wuta. Inda lantarki ke ɗaukewa ba sallama, kada a fara juya jadawali ko sabunta manhajar tushe sai da batirin ko-ta-kwana, domin yankewar wuta a tsakiyar waɗannan ayyuka biyu ta fi kowace illa.

(h) Kada a goge jakar Windows.old da wuri. Da ita ake komawa tsohuwar manhaja, kuma wa'adin komawar kwana 10 ne.

A ma'aikata mai kwamfutoci da yawa, hikima ita ce a gwada guda daga kowane samfuri, a rubuta abin da aka gani da yadda aka warware shi, kafin a taɓa sauran. Kwamfutar ofishin albashi kuwa ba a sabunta ta a makon biyan kuɗi.

Kammalawa

An nuna cewa tsakanin babbar manhaja da faifanta akwai matakai huɗu, kowanne da tambayarsa. Shin manhajar tushe ta ga faifan? Shin akwai direban kwanturolarsa? Shin jadawalinsa ya dace da tsarin tashi? Shin ɓangaren yana da suna, makullinsa kuma yana hannu? Amsa waɗannan tambayoyi ba ya bukatar a goge ko da bayit ɗaya. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya kai kwamfutarsa wurin gyara yana da haƙƙin ya yi wa mai gyaran su, ya kuma hana a yi fomatin har sai an amsa masa. Manhaja in ta lalace ana sake ɗora ta cikin awa ɗaya ko biyu, amma kundin shekara uku da aka rubuta wani abu a kansa ba ya dawowa.